Eriyar da Baba Ya Ɓoye Mini a Jinkar Rumbu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Wannan na haddace shi tun ina 'yar makarantar allo, amma ban san ana zaman makokin uba ta waya ba sai da abin ya zo kaina. Ranar da aka kai Baba makwancinsa a Talata Mafara, ni ina zaune a gindin rumbu a ƙauyen mijina, can bayan Maradun, da kan waya manne a kunne. Ƙanwata, autarmu, ta ajiye tata wayar a tsakiyar tabarmar Inna ta bar ta a buɗe, ta ce, "Yaya, ki dai saurara." Haka na karɓi gaisuwa, ba wanda ya gan ni, ban ga kowa ba.

Muryoyi ne kawai, da ƙarar takalma a ƙofar ɗaki, da kwanukan abincin maƙwabta ana direwa. Kunne ɗaya ya yi zafi in sauya ɗayan. Na ji shigowar Gwaggo, yayar Baba wadda ta riƙe ni a Bakura. Tun daga zaure take salati, tana isowa kuma ta koma faɗa. "Ya tahi da taurin kainai," in ji ta. "Tun shina yaro, in ya ce a'a, ko daka shi anka yi cikin turmi a'a ce." Sai ta rushe da kuka, aka koma ba ta baki.

Wata maƙwabciyarmu Kirista, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a unguwar, ta zo ta durƙusa wa Inna. Ta ce ranar da suka tare, ko kaya ba su gama shigarwa ba sai ga dattijo a ƙofa. Bai ce sannunku da zuwa ba, cewa ya yi kwanon talabijin ɗinsu Nijar yake kallo, in suna son hoto sai an juya shi. Ya nemi tsani ya hau da kansa. Mata suka yi dariya cikin hawaye, Inna ta ce, "Shi ne. Ba ki yi mai ƙarya ba."

Da aka miƙa wayar zaure wurin Baffa, ƙanen Baba, na ji liman yana ba da labarin lasifikan masallaci. Wai duk gefe guda aka ɗaure su, suna zuba ƙara cikin gidan wata tsohuwa mai hawan jini, bayan masallaci kuma ba a jin kiran salla. Baba ya ce, "Liman, kun kurmanta na kusa, na nesa bai ji ba." Ya raba musu fuska, tsohuwa ta samu barci, 'yan bayan masallaci suka rasa hujjar makara. Tsofaffin ɗalibansa su ma sun zo, wasu yanzu manya ne a wuraren aikinsu. Ɗaya ya ce Malam ne ya koya masa cewa iskar nan ba fanko ba ce, cike take da magana, kunne ne ba mu da shi.

Kowa ya gama sai ya ce, "Ina babbar? Ba ta iso ba?" A ce, "Tana can. Hanya." Sai ya ce, "Allah Sarki, hanya." A ƙasarmu yanzu kalmar nan ta ishi bayani. Tsakaninmu da Maradun daji ne, kuma dajin yana da masu shi. Mota ba ta fita sai ranar kasuwa, in an samu 'yan sa-kai sun yi rakiya, wani lokaci kasuwa ta zo ta wuce ba motar da ta motsa. Gonakin nesa mun bar su, makarantar firamaren da nake koyarwa an sa mata kwaɗo. Muna cikin gari kamar kaji a akurki, sai an ga dama a buɗe mana.

Na zauna rubuta wannan ne don kada jikokinsa su tashi su ji ana cewa malamin lantarki ne ya yi ritaya ya rasu, shi ke nan. Kai, a'a. Ba shi ke nan ba.

Ni ce ɗiyar fari, kuma Baba ya riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda yanzu ko a ƙauye an sassauta mata. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ido cikin ido ba, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In na durƙusa gaishe shi, bango yake amsa wa. In yana son jin ko na ci abinci sai ya ce wa wani, "Mutanen Bakura sun ci?" Ni ce mutanen Bakura. Da na yi aure na zama mutanen Maradun. Inna ma ta yi tata kunyar, amma ina haihuwa ta watsar da ita ta rungumi jika da uwar jika. Shi ko, ko gezau. Kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai. Mutum ya yi boko, ya shekara da shekaru yana koyar da lantarki da sadarwa a makarantar fasaha, yana hira da ƙarfe da waya kamar 'yan'uwansa, amma ɗiyarsa ta gagare shi? Abu guda na sa a raina tun ina yarinya: wata rana in zauna gabansa, ya dube ni, ya yi mini magana ni da shi. Ko faɗa ne ina so.

Baba ba ya kallon ƙasa in yana tafiya. Kansa a sama yake, yana bin eriyoyin mutane gida-gida, yana tsaki. Da damina guda ya zurma kwata har gwiwa, ya dawo gida da takalmi ɗaya, abin da ya fara faɗa wa Inna shi ne eriyar gidan mai nama an ɗaure ta a kife. Tabaransa da wayar tagulla yake ɗaure, an sayo masa sabo ya ba ladan. Rediyo kuwa ko bayi zai shiga sai ya ajiye ta a bakin ƙofa tana yi.

Bayan ya bar aiki wani tsohon ɗalibinsa ya kawo masa kwamfutar hannu, tsohuwa, da wata manhaja a ciki. Wannan manhaja ita ta zama amaryar tsufansa, haka Inna ke ce mata. Kana faɗa mata eriya nawa gare ka, da tazarar da ke tsakaninsu, da irin tashar da kake son kamawa, sai ta zana maka inda ƙarfinsu ke tafiya da inda ba ya zuwa. Abin da ya yi shekaru yana zana wa ɗalibai da alli yana gogewa da hannun riga, ga shi yanzu yana motsi gabansa. Da ya fara gani, in ji Auta, sai da ya yi kabbara.

Na fara ganinta lokacin da na zo gida wankan jego. Duk faɗin gidan nan Baba bai ga wurin shimfiɗa buzunsa ba sai gindin dogonyaron da ke daidai tagar ɗakina. Ya kira Auta, wadda a lokacin budurwa ce hankalinta na kan wayarta, ya ce ta zo ta koyi ilimi. Yana yi yana ɗaga murya kamar yana gaban aji.

"Baba, ni hwa ban gane komi," in ji ta.

"Zamna ki ji. In ba ki gane ba, wani ya gane."

Ni kuwa ina bayan labule da jaririya a cinya, ina leƙe. A fuskar kwamfutar akwai da'ira kamar faifai. Ya sa eriya guda, sai zanen ya fito kumbure kamar kabewa, ko'ina ya samu rabo amma bai je ko'ina ba. Ya ƙara ta biyu, ta uku, ta huɗu a jere, sai kabewar ta matse ta miƙe gefe guda ta yi tsini kamar kuɓewa, da wasu 'yan ƙanana a gefenta da yake kira kunnuwa. Ya ja tazarar da yatsa, kuɓewar ta rame, kunnuwan suka kumbura. Ya mayar, suka lafa.

"Kin gani?" ya ce wa Auta. "Ba a ƙara mata ƙarhi ba. Eriya ba ta da na kanta. Abin da ta ba gabas, yamma ta hana. Nan kuma, tsakanin kunne da kunne, kurma ce. Ko bisa hancinta kake kira ba ta ji."

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce, "Auta, tambaye shi, wanda Allah Ya zaunar a wurin kurmancin fa, yaya zai yi?"

Inna ta bar tankaɗe. Baba ya gyara tabarau ya ce, "Ki ce sai dai ya tashi ya sake wuri, ko mai eriya ya juya ta. In kuwa da siminti anka kahe ta, sai haƙuri." Ya gane, na gane, Auta kaɗai ke ta waige-waige. Na saki labule na kwana biyu ban leƙa ba, shi kuma bai fasa shimfiɗa buzunsa a wurin ba.

Ƙauyen mijina da yana da ƙarfen sabis na waya a kan tudu. Da daji ya ɓaci masu kawo masa mai suka daina zuwa, ya mutu a tsaye. Samari suka koma hawa tudun neman sabis daga Maradun, har ranar da aka kwashe wasu a can, daga nan ba wanda ya sake hawa. A lokacin hanya tana ɗan biyuwa, sai ga Baba a bayan motar kasuwa da dogon bututun ƙarfe da eriya guda da wata wayar tebur mai igiya. A zauren surukaina ya sauka, ko ruwan ɗakina bai sha ba. Shi da maigidana suka kafa ƙarfen a tsakar gida, ya yi ta juya shi yana duban wayar har ta kama. Da zai tafi ya bar ƙullin kilishi a bakin zaure, ya ce a ba yara. Ɗiyata a lokacin haƙori biyu gare ta.

Gidanmu ya zama gidan waya. Mata su zo su kira 'ya'yansu a kudu, maza su kira su ji farashin gero. Ba a daɗe ba mutanen daji suka aiko wa mai gari: dogon ƙarfen can shi ke kai rahotonsu, ko a sauke shi ko su zo su sauke shi da unguwar gaba ɗaya. Maigidana da hannunsa ya kwantar da shi, muka tura shi ƙarƙashin kara. Wallahi ranar ji na yi kamar an rufe ni a rijiya. Damina guda cur ban ji muryar kowa nawa ba, su ma ba su ji tawa ba.

Abin da ya faru a Mafara a wannan daminar Auta ce ta ba ni labari daga baya. Baba ya daina fita duba eriyoyin mutane. Daga masallaci sai buzu, daga buzu sai masallaci, kwamfuta a cinya. Inna ta yi haƙuri har ya ƙare, rannan ta dire masa tuwo ta tsaya a kansa.

"Malam, ɗiyarka na cikin daji, ba mu san tana raye ko ta mace ba, kai kana nan kana zanen kuɓewa? Kuɓewar miya za mu yi da ita?"

A zamansu duka ba ta taɓa ce masa "ɗiyarka" a kaina ba. Ya rufe kwamfutar ya tashi ya fita. Tuwon ya wuni a wurin, shi bai ci ba, ita ba ta ɗauke ba, kaji suka yi biki. Sai washegari yana alwala ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ba zane nike ba. Dogo nike son in mai da gajere."

Ga abin da yake nufi. Eriya doguwa guda ana hango ta daga bakin daji. Amma gajeru huɗu, in an jera su daidai aka haɗa su da wayoyi masu tsawo ɗaya, za su haɗa ƙarfi su ja daga nesa kamar doguwar, ko kusa da haka. Saura wurin ɓoyewa, mai ɗan tsayi, wanda ba wanda zai duba sau biyu. Sai ya tuna rumbunmu. Ashe ranar da ya zo bai dube ni ba, amma ya auna gidana kaf da ido: tsayin rumbu, faɗin jinkarsa, katangar yamma, har gawon da ke bayanta. Duk wannan ya yi ta gwadawa a manhajar, ya matsa nan ya ja can, yana neman kuɓewar da za ta kai Maradun kuma ta shige cikin jinka. Ya yanka ƙarafan daga tsofaffin eriyoyin talabijin da ya bi gidaje ya roƙo.

Wata tsohuwa mai daddawa, wadda ba ta fasa kasuwa ko ana ha-maza-ha-mata, ita ta kawo su naɗe cikin tabarmi. Bai haɗo su a kan katako ba don kada tsawon ya tona asiri a hanya. Saƙon kuma da baki ya bayar, ta maimaita masa har ta riƙe: a ɗaure su a jere bisa katako cikin jinka, bakinsu ya dubi gawo, a bar taƙi biyu tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Ya san ba mu da abin awo, shi ya sa ya ce taƙi, wato buɗin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya. A zatonsa maigidana ne zai auna.

Maigidana kuwa ba ya nan. Mutanen daji sun zo sun tasa mazan gari gaba su yi musu girbi a gonakinsu, ba mu san ranar dawowarsu ba. Daga ni sai faccalata, matar ƙanen mijina, mace mai ƙarfin hali da bakin tsiya. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya shige inuwa, muka tokare jinkar da taɓare biyu, na ɗaure zane na hau. "In kin faɗo," in ji ta daga ƙasa, "ni cewa zan yi satar gero kike." Na auna taƙi biyu-biyu da hannuna, na ɗaure, muka zuro igiyar ta bayan rumbu muka binne ta da ƙasa har inda wayar take.

Sandar sabis guda ta fito a fuskar wayar, tana zuwa tana ɓacewa. Na kira Auta. Muryarta ta zo a kakkarye, rabin kalma a nan rabi a can, amma na ji ihun Inna. Ni ma na yi nawa kukan. Can na ji muryar Baba daga gefe, ko barka bai ce ba.

"Sanda nawa?"

Auta ta ce, "Guda, kuma tana ɓacewa."

"Ba daidai ba ne. Wa ya auna?"

Na ce mata maza ba sa gari, ni na auna. Har na ɗauka layin ya yanke. Ashe Inna ya kira. Ya ce ta kawo hannunta, ya buɗe shi a kan abin awonsa. Inna ta fizge ta ce, "Mi kake aunawa? Ba hannuna ta ɗauko ba, naka ne sak, har lanƙwasar ɗan yatsan. Ƙarami ne dai." Auta ta ce Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa kamar yau aka ba shi.

Amma mai sana'a mai sana'a ne. Ya ce a tambaya ko akwai kwalin ashana a gidan. Na ce akwai. Ya ce in auna taƙina da shi. Na auna, kwali uku da rabi. Shi ma ya auna nasa da kwalin gidanmu, ya sa tazarar hannuna a manhajar, ya nuna musu: kuɓewar ta yi ƙiba ta gajarce, tana zubar da ƙarfi a gefe kafin ta kai Maradun. Ya ce a ƙara kwali ɗaya da rabi a kowane tsakani. Na sake hawa, faccalata na ƙasa tana tsine wa taɓarya. Da na sauko na kira, muryar Auta ta fito tar kamar tana bayan katanga.

"Tambayi mutanen Maradun, sanda nawa?"

Ban jira Auta ba, na ɗaga murya na ce, "Uku!"

"Ki ce a gode ma Allah. Kada a sake taɓawa."

Auta ta rage murya ta ce, "Yaya, Baba na ta goge tabarau, kuma ba ƙura gare shi ba."

Maigidana ya dawo bayan girbi, a rame, da tabon igiya a hannu, ya tarar da waya a gindin rumbu. Wannan karon ba mu faɗa wa gari ba, daga mu sai wanda muka yarda da bakinsa. In ruwa ya jiƙa jinkar murya takan dushe, sai rana ta fito ta dawo. Kowace Juma'a nakan kira Inna. Muna fara magana sai in ji an rage ƙarar rediyo a kusa, in ji tarinsa. In na ce yarinya ba ta da lafiya, sai in ji ya ce wa Inna, "Ki ce a tafasa ruwan sha." Haka muka yi ta yi, ni a akurkina, shi a nasa.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa, ya hau zuwa ƙirji. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Rannan Auta ta ce, "Yaya, in za ki zo, ki zo." Na san abin da wannan ke nufi. Kasuwa ta zo ba mota, wata ta zo ba mota. Na ƙulle kayana na kwance, na sake ƙullewa. Ina shara ina jin kamar in tsallake katanga in bi daji da ƙafa. Sai aka ce an samu rakiya, mota za ta fita. Maigidana ya ce in je, ya nemo mini wuri a gaba. Na haɗa man shanu da zuma, na yafa mayafi, na ce bari in kira su san ina tafe.

Auta ta ɗauka, na faɗa mata. Na ji motsi, na ji ta ce, "Baba, a hankali." Sai numfashi ya cika mini kunne, mai nauyi, kusa. Wayar na hannunsa. A duk rayuwata bai taɓa karɓar waya ina kan layi ba. Na ce a raina yau ce.

Na ce, "Baba, ni ce. Ga ni nan tafe, mota na bakin kasuwa."

Ya yi numfashi. Ya sake yi. Sai na ji muryar ta juya gefe.

"Auta. Ki ce ma mutanen Maradun ban yarda ba. Hanya ba ta da kyau."

Na ce, "Baba, akwai rakiya. Baba, wayar na hannunka. Ni za ka faɗa wa, don girman Allah."

"Ki ce na ji. Ki ce in anka taso, ban yahe ba."

Wanda aka haifa a gidan Hausa ya san nauyin wannan kalma a bakin uba, balle uban da ke kan gadon mutuwa. Na ji Inna tana cewa, "Haba Malam," na ji Auta na kuka, sai layin ya mutu. Na zauna a gindin rumbu da mayafi a kaina har direba ya aiko ana jirana. Na cire mayafin na ninke. Faccalata, da ma tana son ganin likita, ta ce ba za a bar wuri ya tafi a banza ba. Ta ɗauki man shanun da zumar ta shiga a madadina.

Ko azahar ba a kira ba wayar ta yi ƙara. "Mun iso lahiya lau," in ji faccalata. "Ko kare bai gitta muna ba. Ga ni gaban Baba." Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinSa.

Sai da aka sake samun mota faccalata ta dawo. Ta same ni ina surfe, ta karɓi taɓaryar ta jingine, ta ce in zauna. Wai ranar ya riƙe ta da hira har la'asar, ita da ba kunya tsakaninsu, Inna na cewa ya huta yana ƙi. Ya tambayi jinkar, ko gara ta fara cin katakon. Ya tambaya ko na rame, ko na fara furfura, ko ina cin abinci. Ta ce ina ci, ƙarya ta yi masa. Ya sa aka buɗe zumar ya lasa da yatsa. Sannan ya ce, "Da kin baro ta, tana cizon leɓe na ƙasa?" Ta ce e, har ya yi jini. Ya ce, "Tun tana rarrahe haka take yi in ta husata. Bar ta. Gara ta yi hushi da ni tana raye."

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, mai kallon sama yana faɗawa kwata, wanda ya gyara wa unguwa ji da gani bai karɓi ko goro ba. Ka yalwata masa kabari, Ka haskaka shi, Ka sa ya ji kiran rahama tar ba yankewa. Ka ba Inna da Gwaggo da Baffa da Auta juriyar rashinsa. Mu kuma da ke bayan daji, Ka buɗe mana hanya.

Ranar addu'ar uku Baffa ya miƙe a zaure ya ce, duk wanda marigayi ya saɓa wa, don Allah ya yafe masa. Ta waya na ji gari guda ya amsa da murya ɗaya, "Mun yahe." Auta ta kawo wayar bakinta ta ce, "Yaya, kina ji?" Na ce ina ji. Sunan da bai kira ba na yafe, idon da bai ɗaga ba na yafe, shekarun bango da labule duk na yafe tun ranar kwalin ashana. Amma motar nan ta isa lafiya, kuma da ina cikinta. Wannan ce har yau na kasa yafewa. Kullum in na idar da salla ina roƙon Allah Ya gafarta masa, da zuciya ɗaya nake roƙo, kuma ina kyautata zaton Ya gafarta. Saura ni.